Harajin da Na Cire wa Hedimasta Tumba

Mubi,
Laraba da hantsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga 'yata Maimuna, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata da kike ɗauke da shi. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya kai ki Yola lafiya, Ya tsare motar da za ki shiga tun daga tasha har ki sauka, Ya kau da idon mugu daga kanki a kowane shingen bincike na hanya, Ya sa ki iske masauki mai albarka da maƙwabta na gari. Amin.

Kin ga abin mamaki, ko? Muna gida ɗaya, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, amma ga ni ina rubuta miki wasiƙa sai ka ce kina Makka. Kada ki yi dariya. Sau uku ina kiranki zaure don in gaya miki maganar nan, sau uku ina ɓigewa da tambayarki ko an ɗinke miki hannun jaka. Baki ya gaza, shi ya sa na koma wa biro, tunda dama da shi na fi sabawa. Innarki ce ma ta ce, "Malam, in ba za ka iya faɗa ba ka rubuta, amma yarinyar nan ba za ta bar gidan nan ba ta sani ba." Za ki ga wasiƙar nan a jakarki tare da wani babban ambulan ruwan ƙasa da na ɗaure da zare. Kada ki kwance shi sai kin kai ƙarshen karatun nan.

Ranar da takardar ɗaukarki aiki ta zo, aka ce an tura ki sashen da ke lissafin kuɗin 'yan fansho, gidan nan kowa ya yi murna, innarki har da guɗa. Ni ma na yi hamdala. Amma kin lura na tashi na shige ɗaki, kika biyo ni kika ce, "Baba, ko jikin ne?" Na ce miki ciwon kai ne. Ba ciwon kai ba ne, Uwata. Tsoro ne ya kama ni. Irin kujerar da za ki zauna a kai na zauna shekara da shekaru, kuma a kanta na cuci wani bawan Allah ba tare da na ci ko kwabonsa ba. Kin san shi. Hedimasta Tumba ne na Duvu, wanda ya sauke mu a gidansa lokacin gudu, da 'yan bindiga suka shigo garin nan.

Bari in fara miki daga tushe.

Shekarar da aka raba Gongola aka ba mu Adamawa aka zaunar da ni a teburin biya. Kakanki baduku ne, daga ƙasar Katsina ya zo garin nan da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, kuma har ya koma ga Allah ba abin da yake taƙama da shi kamar ya ce wa abokan rumfarsa, "Ɗana akawu ne." Ogan da na tarar a ofis tsoho ne mai kirki, Allah Ya jiƙansa, sai dai abu ɗaya tak ya koya mini. Ranar farko ya miƙo mini bauca, wato doguwar takardar nan da ake jera sunayen masu karɓar kuɗi, ya haɗa mini da takardar kabon ta yin kwafi, ya ce, "Duba na watan jiya ka kwafa. Wanda ya mutu ka ja masa layi. Kada ka ƙara, kada ka rage, sai ka gama aiki lafiya." Layi huɗu ne a takardar: sunan mutum, fanshonsa, harajin da za a cire, da abin da zai riƙe a hannu. Na zauna na kwafa. Rubutuna kuwa ba yabon kai ba, har daga wasu ofisoshi ana zuwa kallonsa. A wancan lokacin cire harajin yana kan ƙa'ida, amma ni ba don na san ƙa'idar nake cirewa ba. Na gan shi a na watan jiya ne kawai.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma duk sauran daga cikinsa suka fito. Yanzu ku kwamfuta gare ku, na ji an ce ita ma kwafan na watan jiya take yi, ta ma fi mu sauri. To, duk layin da kika gani ana rage wa mutum kuɗi a kansa, ki tambaya wace doka ce ta ce a rage, ki nemi a nuna miki ita a rubuce, ki karanta da idonki. In suka ce sabuwar yarinyar nan ta cika tambaya, ki bar su su ce.

Na biyu shi ne kwalin sabulu. Takardun umarni, waɗanda muke kira sakula, daga Yola suke zuwa a ɗaure, masinja ya zube su a teburina. Al'adarmu ita ce ka buga hatimin an karɓa, ka sa hannu, sannan ka leƙa kan takardar. In ka ga ƙarin albashi ko alawus, kai, ranar ofis ba sauran aiki! Kowa ya zo ya karanta, a karanta a sake karantawa har takardar ta yi laushi kamar tsumma. In kuwa ba ta shafi aljihunmu ba, sai a jefa ta cikin wani kwalin sabulu da ke bisa kabad, mu ce, "A ajiye, in maganar mai zafi ce za su sake turowa." A cikin waɗanda na jefa akwai wadda ta ce doka ta canza, daga yanzu a daina cire haraji a kuɗin fansho. Ni na karɓe ta, ni na buga mata hatimi, ban karanta ko layi biyu ba. Ba su sake turowa ba.

Uwata, duk takardar da kika sa wa hannu ta zama taki, ko kin karanta ko ba ki karanta ba. Kada ki sa hannu a tsaye, kada ki sa ana jan ki da hira.

Yanzu ga inda abin ya fi mini ciwo. Ranar biya, tun sassafe tsofaffi suke cika bencin da ke gindin dalbejiya a bakin ofis. Wasu daga Mugulbu, wasu daga Mayo Bani, wani a keke, wani a bayan mashin, wani da ƙafa da sandarsa. Yawancinsu dangwala yatsa suke yi, su karɓi kuɗi su cusa a aljihu ko cikin hula, su ajiye mini na goro, su sa mini albarka su tafi. Kowa muna yago masa 'yar takarda mai nuna layukan nan huɗu, mu ce mata rasit, amma wa ke dubawa? Da ita suke ƙunshe taba.

Mutum ɗaya ne ba haka ba. Hedimasta Tumba mutumin duwatsun Michika ne, Kirista, ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a makarantun ƙauye, da ya yi ritaya sai ya zauna a Duvu inda ya fi daɗewa, yana ɗan nomansa. Dogo ne siriri, kullum da farar riga mai guga, da jan biro a aljihun gaba irin wanda malamai ke duba aikin yara da shi. Shi ba ya dangwale. Sai ya sa tabarau, ya bi kowane layi da yatsa, layin mutane na jira a bayansa.

Wata ranar biya ya ɗora yatsa a rasit ya ce, "Malam Akawu, wannan layi na uku me ne?"

Na ce, "Haraji ne, Baba, kamar kullum."

Ya ce, "Ai an ce an daina cirewa a fansho. Abokina da ya yi aiki a wani sashe, nashi ba a cirewa yanzu. Ka ɗan duba takardunka mana."

Wallahi kwalin nan yana bisa kaina, in na miƙe na ɗaga hannu zan taɓa shi. Amma rana ta yi zafi, mutane sun zuba mini ido, sai na ji wai tsohon nan yana neman ya koya mini aikina a gaban jama'a. Na ɗaga murya yadda na bayan benci za su ji, na ce, "Baba, nan ba aji ba ne, ni kuma ba ɗan firamare ba ne da za ka duba mini lissafi da jan biro. Gwamnati ta fi ni da kai sani. Na gaba!"

Aka tuntsire da dariya. Shi bai yi fushi ba, da ma ya yi fushin da ya fi mini sauƙi. Ya rage murya ya ce, "Malam, wannan layin shi ne kuɗin maganina na wata. Hawan jini ba ya jiran gwamnati." Ya zaro jan biron nan, ya rubuta a gefen rasit ɗinsa, "Ban yarda ba," ya sa hannu, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce mini sai wani watan.

Shekara shida yana yin haka, wata bai taɓa wucewa ba. Har suna muka sa masa a ofis. In an hango farar rigarsa daga bakin titi sai wani ya ce, "Ga Ban-yarda-ba nan ya iso," mu yi ta ƙyaƙyatawa. Ni ne na raɗa masa sunan.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni sauke kwalin nan ko sau ɗaya, ko bayan an tashi aiki da ba mai ganina. Amsar ba ta da daɗin faɗa, amma zan faɗa miki. Da wani Alhaji ne mai babbar riga da mota ya yi mini tambayar nan, da tun bai rufe baki ba na hau kujera na sauke. Amma tsohon malamin ƙauye ne, mutumin dutse, Hausarsa tana karkacewa, sai na raina shi. Abin da nake lallashin kaina da shi kuwa shi ne ni ba ɓarawo ba ne. Gaskiya ne, duk abin da na cire ofishin haraji na tura, da shaidar biya da komai, ko kwabo bai kwana a aljihuna ba. Na ɗauka wannan ya isa a kira mutum mai amana. Bai isa ba. Tsohon da aka rage wa kuɗin magani, ina ruwansa da aljihun da kuɗin ya shiga?

Saboda haka in tsoho ya tsaya a tagarki ya ce lissafi bai yi ba, ki ajiye biro ki saurare shi, ko da yarensa ba kya ji sai an fassara miki. Mai karɓar kuɗin ya fi mai rubuta shi sanin inda ya gutsure. In kuma kika ji ranki ya fara ɓaci don an ce ki duba, ki tuna da ni, ki tashi ki duba.

Da lokacina ya yi na ajiye aiki, aka yi mini walima da lemo da biskit, na koma gindin dalbejiya na zauna a benci kamar kowa. Fanshona na farko, na buɗe rasit, sai ga layi na uku yana kallona. Kin san abin haushin? A lokacin ne ya yi mini zafi. Wata uku na daure, a na huɗu na shiga wurin Malam Buba, wanda ya gaje kujerata, na ce, "Buba, na ji ana cewa fansho ba haraji." Ya miƙe da ladabi ya ce, "Oga, na watan jiya na kwafa, yadda ka koya mini." Na ce ya sauko da kwalin sabulu. Muka zazzage shi a ƙasa, kyankyasai na gudu, muna bi ɗaya bayan ɗaya. Sai ga ta. Gefenta ɓera ya ci, amma rubutun na nan sarai, ga hatimi, ga sa hannuna mai kyau ɗin nan a ƙasa. Na duba kwanan watan da na rubuta da hannuna. Wata biyu ne kacal kafin ranar da na ci wa Hedimasta mutunci.

Na nemi kujera na zauna. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in hau mashin in tafi Duvu in durƙusa wa tsohon nan, sannan in rubuta wa na sama cewa kuskurena ne, a maido wa mutane kuɗinsu. Don ƙa'idar ita ce ba a maidowa sai mutum ya kawo rasit ɗinsa, da sakular, da takarda daga jami'in da ya cire yana amsa cewa kuskure ne. To me na yi? Na ce wa Buba ya share layin daga wannan watan, shiru, ba sai an yi surutu ba. Na nemi nawa na wata uku aka maido mini, Buba ya sa hannu tunda shi ya cire. Sakular kuwa na ninke ta na sa a aljihu na taho da ita gida, don kada wani ya ga hatimina a kai.

Na karɓi nawa na wata uku, na bar nasa na shekara shida. Ki sake karanta wannan, Uwata, don mahaifinki ne ya yi shi. Kuskuren farko jahilci ne, na biyu sakaci, na uku girman kai, amma wannan da idona biyu na yi shi. In kika gano kin yi kuskure a aiki, ki faɗa a ranar, kafin la'asar. Kunyar ranar farko ƙarama ce. Ni na bar tawa ta kwana, ta yi ta girma har ta fi ƙarfina.

Sauran labarin kina ciki, amma ba ki san abin da ke ƙirjina ba a lokacin. Safiyar da harbi ya tashi a gari, innarki ta bar koko a wuta, muka fita da kayan jikinmu. Ni abu ɗaya na ɗauka, 'yar jakar fata da kakanki ya ɗinka mini, wadda takardun fanshona ke ciki, na rataya ta a wuya ƙarƙashin riga. Sakular nan tana cikinta. Muka bi ta gonaki cikin jama'a, dawa ta nuna ba mai kallonta, takalminki ya tsinke kika ci gaba da tafiya ƙafa ba komai har tafinki ya fashe. Rana ta take muka shiga Duvu. A ƙofar wani gida na hango tsoho a kujera, an fito da randa waje, matarsa tana ba masu wucewa ruwa a moɗa. Na so in sunkuyar da kai in wuce. Sai na ji an ce, "A'a, Malam Akawu! Yau ba ranar biya ba ne, me ya kawo ka?"

Yana dariya ya faɗa, ya kama hannuna da hannu biyu. Kin tuna yadda ya sa aka kwashe masara daga ɗaki don ke da innarki ku samu wurin kwanciya? Kin tuna matarsa, Mama Kwanye, ta wanke miki ƙafa da ruwan ɗumi, ta cire silifas ɗinta ta sa miki? Ni kuwa buta ya kawo mini da sabuwar tabarma, ya nuna mini da sanda ya ce, "Gabas nan ne, Malam. Ka yi sallarka, ka sa mu a ciki."

Washegari da safe muna zaune ni da shi a gindin mangwaro muna ɓare masara. Na ga ya fito da ƙwayar maganinsa ya ɗora a gwiwa, ya sa reza ya raba ta biyu. Ya ga ina kallo, ya ce, "Rabi yau, rabi gobe. Ni da hawan jini mun yi sulhu, tun kafin gudun nan haka muke yi." Ya haɗiye, sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam Akawu, layin nan na uku ya ɓace daga rasit ɗina shekara uku ke nan. Ko ka san wanda ya yi wannan aikin kirki?"

Hannuna yana kan jakar, ina jin takardar ta cikin fata. Ƙofa ce ya buɗe mini da kansa, ba kowa a wurin sai kaji. Na ce, "Gwamnati ce ta gyara, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To. Gwamnati." Ya ci gaba da ɓare masararsa.

Kwana uku muka yi, da aka ce 'yan bindigar nan sun doso muka wuce wajen iyakar ƙasa. Shi ya ce gwiwoyinsa ba za su kai shi ba, in abin ya matsa za su hau dutse. Ya ɗaure mana gyaɗa a ƙyalle, ya raka mu da sandarsa har bakin mayo, wato rafin bayan gari, ya tsaya yana ɗaga mana hannu. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Sun hau dutsen, maganin ya ƙare, ɓarin jikinsa ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya cika a cikin kogo. Ba harsashi ba ne ya kashe shi. Ban ce kuɗin nan da an maido masa zai ƙara masa kwana ba, kwana na Allah ne. Amma ni na ga rezar nan da idona, kuma har yau in innarki ta miƙo mini maganina sai na tuna.

Da gari ya lafa muka dawo, na tafi Duvu ta'aziyya ni kaɗai. Na ce muku gaisuwa kawai na je. Na iske an ƙone rufin ɗakin da kuka kwana, Mama Kwanye tana zaune a tabarma ta rame. Tana jin muryata ta ce, "Malam Akawu, ka zo? Shi ya ce za ka zo. Ƙafan yarinya ya warke?" Na ce ta warke. Ta shiga ciki ta fito da wani gwangwanin biskit duk tsatsa, wanda suka hau dutse da shi suka sauko da shi, ta ajiye a gabana. Na buɗe. Rasit ne a jere wata bi wata, an ɗaure na kowace shekara da zare, kowanne da jan rubutun nan a gefe.

Ta ce, "Ya ce in Akawu ya zo a ba shi. Ya ce takarda ɗaya ne ya rage, yana wurinka."

Na ce, "Mama, ya sani?"

Ta ce, "Tun da daɗewa. Ya je ofis, wancan Buba ya gaya masa oga ya tafi da takardan gida. Da kuka zo gudu na ce masa ga mutumin nan Allah ya kawo, ka tambaye shi. Ya ce a'a, ba zai tambayi mutum abu ba yana cin tuwon gidansa. Ya ce a bar shi, zai kawo da kansa."

Uwata, na yi kuka a gaban matar nan kamar yaron da aka yaye. Ita ce ma take ba ni haƙuri.

Za ki ce to daga nan sai na kai. Ban kai ba. Shekara biyu gwangwanin nan yana ƙarƙashin gadona. Na ce wa kaina takardun ofis sun ƙone, ba wanda zai saurara. Ƙarya ce, abin da ake buƙata duk yana hannuna. Gaskiyar ita ce in na rubuta cewa ni na yi sakaci, na kuma ɗauke takardar ofis na ɓoye a gida, za su iya tsayar da fanshona har a gama bincike, da shi kuwa nake biyan kuɗin makarantarki. Da karatunki na fake, ki yafe mini. Yanzu kin gama, ba sauran abin da zan fake da shi. Sau biyu na ɗauki ambulan ɗin nan na je tasha, sau biyu ina dawowa da shi, wai mota ta cika. Na san halina. In ya zauna a hannuna zai sake shekara, Mama Kwanye kuwa ba ta da shekarar jira. Yanar ido ta rufe mata ido biyu, maƙwabcinsu ya gaya mini ranar kasuwa cewa ko coci sai an riƙe mata hannu. An ce aikin idon ana yi kuma tana iya gani, kuɗin ne babu. Kuɗin kuwa akwai shi, nata ne, ni na tsaya a kansa.

Ga abin da ke cikin ambulan. Akwai rasitan Hedimasta duka, akwai sakular mai hatimina, akwai takardar da na rubuta na amsa laifina da cikakken sunana da lambar fanshona. Akwai kuma sunayen sauran tsofaffin bencin nan da na iya tunawa, don ba shi kaɗai na cire wa ba, shi kaɗai ne ya ajiye shaida. In nasa ya fita, wataƙila ƙofa ta buɗe wa iyalan sauran.

Ki kai shi teburin karɓar takardu kamar kowa, ki tsaya a buga hatimi a gabanki, ki riƙe kwafi. Kada ki bi ta bayan gida, kada ki roƙi alfarma. A makon farko ki shiga wurin oganki ki gaya masa cewa mai takardar mahaifinki ne, saboda haka a ba wani ya duba, ba ke ba. Daga nan ki riƙa leƙawa kina tambaya ina aka kwana, kada ki bari a jefa shi kwalin sabulunsu, don na tabbata su ma suna da shi.

Na san abin da nake ɗora miki. Sabuwar ma'aikaciya ce ke, kina so a san ki da alheri, ga shi abin farko da za a sani a kanki shi ne ke 'yar akawun nan ce da ya yi shekara shida yana cire wa tsofaffi kuɗi a banza. Za a yi gulma, wani zai yi miki kallon banza a baranda. In aka tambaye ki, "Mahaifinki ne?" ki ce e, kada ki sunkuyar da kai, kada kuma ki kare ni. In sun tsayar da fanshona, ni da innarki mun yi magana, gonar Mayo Bani tana nan, ba za mu kwana da yunwa ba. Ɗaya ɓangaren nawa ne ba naki ba: ranar da motarki ta tashi, ni kuma mashin zan hau zuwa Duvu in gaya wa Mama Kwanye komai da bakina, har da nawa na wata uku. Innarki ta ce ƙafarta ƙafata, don kada in juyo daga hanya.

In kin kwance zaren, ki duba rasit na ƙarshe a ɗaurin ƙarshe. A ƙarƙashin inda ya rubuta "Ban yarda ba" za ki ga wani rubutun da baƙin biro. Nawa ne, jiya na yi shi. Na rubuta, "Gaskiyarka ce, Hedimasta." Shekara goma sha biyu ya kamata a ce ya ji wannan daga bakina, a gaban bencin nan da suka yi masa dariya.

Allah Ya tsare mini ke a hanya da masauki, Ya tsare hannunki daga haƙƙin mutane, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, kada Ya sake nuna mana gudu. Allah Ya buɗe idon Mama Kwanye ta ga abin da mijinta ya ajiye mata wata bi wata. Ni kuma ki sa ni a addu'a bayan kowace salla. Ki kira innarki da zarar kin sauka, kin san ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarki.

Ranar Litinin za su zaunar da ke, wani mai kirki ya miƙo miki takarda ya ce ki duba na watan jiya ki kwafa. Ki karɓa da hannu biyu, ki gode masa, sannan ki karanta kowane layi, Uwata. Na watan jiya irina ne ya rubuta shi.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isiyaku Akawu.